Juyawa Ɗaya

A tashar motar Wushishi da ke Minna, Malam Jiya, malamin Turanci, yana duba takardun ɗalibansa kafin motar Fijo ta cika. Wata dattijuwa mai tallan nono da ke zaune kusa da shi ta leƙo.

"Malam, me suka rubuta?"

"Sunayen da Turawa ke ba ɗan ƙanƙanin lokaci, Inna. Sun fi goma. Kamar mu ce ƙiftawar ido."

"Har goma? Ba su da aikin yi." Ta gyara zama. "Ni juyawa ɗaya na yi a bakin kogi in matse zane, ruwa ya tafi da 'yata. Shekara ashirin ke nan, juyawar ba ta ƙare ba. Suna da sunan wannan?"

Jiya ya bi jerin sunayen har ƙarshe.

"Babu, Inna."