Ludayin Mama Ladi a Bakin Rami

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Bitrus. Ni nake tuƙa injin da ke huda ƙasa a ƙarƙashin titi wajen Bahindi, inda ake sa manyan bututun da ruwan damina zai bi. Ba ma fasa kwalta. Injin na cin ƙasa a gaba, ana turo bututu a baya, mu kuma muna ciki a durƙushe.

Wurin fadama ne. Yau laka, gobe yashi mai ruwa, wanda da ka taɓa shi sai ya malalo kamar kunu. Shi ya sa muke tura laka mai kauri bakin injin don ta tare ƙasar. Kuma muna da doka: in mai tsaron sama, wanda ke tsaye a bakin rami, ya ga titi na tsagewa, sai ya buga ƙarfen da ya shiga ramin. Wanda ya ji, ya bar komai ya fita.

Kun san matata Rifkatu ta rasu bara. Ita ke tilasta mini fitowa cin abincin rana. Bayanta na daina fitowa. Ramin ya fi mini gida, don can babu mai yi mini ta'aziyya. Ranar da abin ya faru na ce, "Ubangiji, in kana da sauran aiki da ni, ka kira ni yadda zan ji."

Ashe Zumuntar Mata ta cocinmu sun yi zama a kaina. Sai ga shugabarsu, Mama Ladi, a kan kabu-kabu da kular tuwon shinkafa. Mai tsaron sama ya ce mata ba a shiga. Ta ce da wannan jikin nata dama ba ta yi niyya ba. Ta kira ni, ƙarar inji ta shanye muryar. Sai ta zaro ludayin miya ta hau dukan ƙarfen nan.

Muka fito da rarrafe, abokin aikina Malam Sani yana salati, ni ina kiran Yesu. Har takalmi ɗaya ya bari a ciki.

Na ce, "Mama, ina ya tsage?"

Ta ce, "Kai ne ka tsage. Dubi wuyanka kamar na zalɓe. Zauna."

Injiniya ya taho yana faɗa, wa ya tsayar masa da aiki. Ta miƙa masa buta ta ce, "Ɗana, wanke hannu tukuna."

Bai gama faɗan ba muka ji ƙasa ta yi gurnani. Gefen titi ya lotsa. Yashi da ruwa suka cika gaban bututun, daidai inda nake durƙusawa. Can Malam Sani ya ce, "Mama, gobe ma kina zuwa?"

Na cinye tuwon nan tas, abin da ban yi ba tun jana'iza. Na yi hawaye, na ce yaji ne. Mama Ladi ba ta sa yaji ba, amma ba ta ƙaryata ni ba.

Na gode wa Ubangiji da ya ji roƙona. Ku dogara gare shi, ko da ludayi ya aiko muku. Takalmin Malam Sani na can ƙarƙashin titi har yau. Ni kuwa, da rana ta yi tsaka, da kaina nake fitowa. Amin.