Babban Yatsa a Kan Tiyo

Bakaniken nan macuci ne. A bakin garejinsa na ji wani tsohon direba ya tare wata mai tsohuwar mota.

"Baiwar Allah, me ya ce miki?"

"Wai sai an sauke injin, Baba."

"Don wannan karkarwar? Tayar da ita. Kin ji wannan hucin? Iska take sha, tiyo ne ya tsage. Ɗora babban yatsanki nan."

"Kai! Ta daina rawa!"

"Yatsanki ya fi shi iya aiki."

"Ai shi ma ya taɓa wurin ɗazu, sai ya yi maza ya janye hannu."

Masu jiran gyara duk sun ji. Kafin azahar babu mota ko ɗaya a garejin.