Shuɗin Soson Ƙofar Mota

A ɗakin jira na wani gareji a birnin Daegu na Koriya ta Kudu, wata tsohuwa ta dubi mutumin da ke gefenta.

"Ɗan nan, ba farar motar can ce taka ba? Ai an gama."

"Kwananta tara da saye, Mama, na goga ta da ginshiƙi. Inshora sun sa sabuwar ƙofa."

"To me kake jira?"

"Shuɗin soson nan da ke zuwa manne a ƙofar sabuwar mota. Ƙofa uku na da shi, wannan babu."

"Ka ɓamɓare sauran mana."

"Matata ta hana. Maƙwabta ba su gama gani ba."

"Ta san da zancen ginshiƙin?"

"Ita dai ta san na kai motar wanki."

"Tun yaushe?"

"Yau kwana huɗu."