Gero Ya Cinye Mana Hanya

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Talatu, daga wani ƙauye a yankin Makoda.

Da daminar bara, lokacin da abinci ya yi tsada, maciji ya sari yayana Sale a gona. Muka kira motar 'yan sa-kai mai ɗaukar marasa lafiya. Direban, bawan Allah, ya bar aikinsa ya taho. Amma a bakin titi ya tsaya, domin hanyar garinmu ta koma ta ƙafa. Kowa ya ƙara kunya ɗaya a gonarsa, gero dama, gero hagu. Sai a amalanke muka ɗauko Yaya Sale. Kafin mu kai ga motar, rai ya yi halinsa.

Jama'a, mutanen nan don Allah suke zuwa, amma motarsu ba ta tashi sama. Ku kira su da wuri, ku kuma bar musu hanya.

Waɗanda suka ci hanyar sun zo mana gaisuwa, suna cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda. Amma bana ma sun sake shuka ta. Malam, wa zan kai wa ƙara?