Ranar da Na Kira Ɗan Farina da Sunansa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana. Ku yi haƙuri da ni, karatun yaƙi da jahilci na yi. Na rubuto ne don kada in ruɗe a gabanku.

Kun san al'adarmu, mu da maƙwabtanmu Musulmi duk ɗaya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Tun yana goye "kai" nake ce masa, ko "wannan yaron". Da ya gama jami'a ya karanto aikin lantarki, sai na ce to, na samu abin kiransa. "Injiniya, ga tuwo." "Injiniya, ana sallama da kai." Bakina har kunne!

Ashe zamani ya juya ban sani ba. Kamfanin da ya ɗauke shi, abin da suke ba shi bai kai na ƙanwarsa Rifkatu mai aikin jinya ba, kuma babu ƙarin girma. Daga baya ma suka sallame shi. Abokinsa da ya tsaya a sakandare yana sayar da wayoyi, har ya yi aure ya yi gini. Nawa kuwa ya dawo Daura ya shige ɗaki. Ya rame, ya daina zuwa sujada.

Mutane da suka ji ina ta cewa Injiniya, sai suka dinga kawo masa tocila da rediyo ya gyara. Wani ma agogo ya kawo! Rifkatu takan tsokane shi: "Yaya, in an gama da agogon, ga dutsen gugata." Shi kuma sai ya yi yaƙe.

Ana gobe kasuwar Mai'adua, Rifkatu ta raɗa mini cewa ya shirya da wani direba. Zai tsallaka Nijar, ya bi hamada zuwa Libiya. 'Yan'uwa, na san gidajen da 'ya'yansu suka bi hanyar nan, har yau ko labari babu.

Na durƙusa a bakin murhu. Ina ta cewa, "Ya Ubangiji, ka tsare mini Injiniya, ka riƙe mini Injiniya." Sai na ji a zuciyata, a hankali: "Wane ne Injiniya? Ni da sunansa na san shi." Ko a addu'a ban taɓa faɗar sunan yaron nan ba!

Da safe ya fito da jaka a kafaɗa. Ya ce, "Mama, zan leƙa kasuwa in dawo."

Na buɗe baki, harshe ya yi nauyi. Har ya kai zaure. Na ce a raina, Yesu ka taimake ni. Sai na ce, "Irmiya."

Ya tsaya cak. Ya juyo. "Mama, me kika ce?"

"Irmiya na ce. Ni ba injiniya na haifa ba, kai na haifa. Da aiki ko babu aiki, zo ka zauna."

Ya saki jakar. Ƙato da gemu, ya kifa kansa a cinyata yana kuka. Ya ce, "Mama, duk lokacin da kika ce Injiniya, sai in ji kamar tambayata kike ina aikin."

Wayyo ni! Ni da nake yabonsa!

Rifkatu tana hawaye tana dariya, ta ce, "Yau dai Mama ta ajiye kunya!" Direban ya yi ta kira a waya har ya gaji. Ba wanda ya ɗauka.

Ba zan ce muku ya samu babban aiki ba. Yana haɗa sola a rijiyoyin burtsatse wajen garuruwan Baure da Babban Mutum, in an samu. Abin da ake biya kaɗan ne, wani lokaci manoma su cika masa da gero. Amma yana cin abinci, yana dariya, ya koma cikin mawaƙa. Ga shi can a baya yana sunkuyar da kai. Hamada ba ta ci mini shi ba. Halleluya!

Na gode wa Yesu. Iyayen da 'ya'yanku suka gama karatu suna zaune a ɗaki, kada ku karaya. Ku kai su gaban Ubangiji, ku dogara gare shi, zai riƙe muku su. Amin.