Allurar da Maigidana Ya Yi Mini

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Rifkatu, matar Malam Iliya kafinta. Ina sayar da shinkafa da wake a bakin titi kusa da jami'a nan Wudil. Na tashi ne in faɗi abin da Ubangiji ya yi mana, ni da maigidana.

Ƙiba ta daɗe tana damuna. Gwiwoyina sun gaji da ɗaukata, daga Sabon Gari zuwa rumfata sai na zauna na huta a hanya. Likita ya ce jinina ya hau, lallai in rage jiki. Na rage tuwo, na gwada tafiyar safe, ban ga wani canji ba.

Akwai wata ma'aikaciyar jami'a da ke cin abinci a wurina. Na lura jikinta ya ragu sosai, na tambaye ta. Ta ce allura ce da ake yi mako-mako. Ta kamfani tana da tsada, amma akwai wani mai kantin magani a Kano da ke haɗa tasa a 'yar kwalba, mutum ya riƙa zuƙa da sirinji.

Na faɗa wa maigidana. Ya ce, "Maman Dauda, in dai ƙafafun nan za su yi sauƙi, mu je."

Muka je tare. Mai kantin ya nuna masa layin da zai riƙa tsayawa a jikin sirinjin. Bai tambayi ciwona ba, mu ma ba mu koma mun shawarci likita ba. Ni ina tsoron allura, don haka maigidana ne ke yi mini, a hankali, yana ba ni haƙuri kamar yarinya.

Da farko komai lafiya. Cin abinci ya ragu, zanena ya fara yi mini yawa. Sai sirinjin da aka ba mu suka ƙare, maigidana ya sayo wasu a kemis nan Wudil. Ashe sun fi na farko faɗi. Ya zuƙa zuwa layin da ya saba, ya yi mini, ba mu san maganin ya ninka ba.

Daga ranar amai ya kama ni. Ko ƙamshin miyata ban iya shaƙa ba, ruwa ma ba ya zama a cikina. Na rufe rumfa na kwanta, ina cewa zai wuce.

Maƙwabciyata Hajiya Rabi ce ta shigo duba ni da rana, maigidana yana wurin aiki. Ta dubi idanuna, ta ce, "Rifkatu, wannan ya wuce kwanciyar gida. Tashi." Ita ta kira mai adaidaita, ta riƙe ni har asibiti, ta aika a kira shi.

Likita ya ce ruwan jikina ya ƙare, ƙodata ta fara gazawa, in ba ta farfaɗo ba sai an tura ni Kano wankin ƙoda. Ya sa aka kawo kwalbar da sirinjin, ya nuna wa maigidana inda kuskuren yake. Maigidana ya juya ya fita.

Aka sa mini ƙarin ruwa. Ina ta duban ƙofa, bai dawo ba. Hajiya ta ce, "Yana can gindin darbejiya. Ya ƙi ci, ya ƙi shigowa. Wai da hannunsa ya kashe ki."

Wannan magana ta fi ciwon yi mini zafi. Na rufe ido na ce, "Ya Yesu, ban sani ba ko zan tashi. In ka kira ni, na amsa. Amma ka dubi bawanka da ke waje, kada ka bar shi ya ƙare rayuwarsa da wannan zargi." Ban ji murya ba, ban ga wahayi ba. Zuciyata ce kawai ta kwanta, tsoron ya sake ni.

Na roƙi Hajiya ta shigo da shi ko da ja ne. Ya zo ya tsaya daga nesa, kansa a ƙasa. Na ce, "Baban Dauda, matso. Tare muka je Kano, tare muka yi rashin sani. Ba ni hannun nan mu yi addu'a." Ya ba ni. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ubangiji, ka yi mana jinƙai." Ya yi ta maimaitawa har hawaye suka zo masa.

Ku gafarce ni da wannan magana, amma washegari da safe fitsari ya zo, bayan ya ɗauke. Nas ɗin ta yi ta murna kamar 'yar'uwata ce. Gwaji ya nuna ƙodar tana dawowa. Ba a kai ni Kano ba. Yabo ga Ubangiji!

Likita ya ce irin maganin yana taimakon wasu, amma sai an auna mutum, an san abin da ke cikin kwalbar, ana kuma bibiyarsa. Yanzu a hannunsa nake. Har yau da sauran jiki, kuna gani, amma ina raye.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya Rabi da ya aiko mini. 'Yan'uwa, kafin ku sa wani abu a jikinku, ku tambayi likita. Wanda kuma yake ɗauke da zargin kansa, ya kawo wa Yesu, zai karɓa. Ga maigidana can a bencin maza, shi ya ce in faɗi komai, kada in rage. Ku taya mu godiya. Amin.