Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Alhaji

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Hajiya Talatu ce daga Akurba.

Ɗanmu na Dubai ya biya mana yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, ya ce mu iso ana gobe tashi. Maigidana Alhaji ya ƙi rufe shago da wuri, wai ranar tashin ma za mu isa. Ya ce, "Ai kamar motar Makurdi ce, sai ta cika."

Jirgin samanmu ya makara a Abuja. Muka isa bakin teku, ruwa kawai muka tarar, Alhaji yana ta neman lambar direba.

Wallahi na gaji. Yaron ya sake biya, Alhaji yana nan kan bakansa. Masu sauraro, in yi gaba in bar shi da shagonsa?